Guzurin Kaftin Lamont

Asabar, 3 ga Nuwamba 2007, bayan La'asar

Ustaz Abdulghaffar, mudir ɗin nadinmu, wato manajan kulob, ya kira ni ofis ya ce in rufe ƙofa. Na shekara tara ina tuƙa motar wannan kulob na ƙwallon kwando, bai taɓa cewa in rufe ƙofa ba, don a wurinsa da direba da ƙofar duk kayan ofis ne. Ya ce gobe da hantsi in je filin jirgi in ɗauko wani ɗan wasa Ba'amurke, in ajiye shi a otal a Balad, tsohuwar unguwar Jidda, in riƙa kai masa abinci, kuma kada kowa ya ji. Na ce ai muna da Ba'amurke. Ya ce, "Ya Muntaka, kai direba ne. Tuƙa."

Gurbin baƙo ɗaya gare mu, kuma Kaftin Lamont ke kai. Takardun sabon za su ɗauki makonni kafin su fito, ga wasa biyu masu zafi a gabanmu, ana so Lamont ya buga su da zuciya ɗaya. In an gama sai a sallame shi. Ustaz bai faɗi haka ba, amma ni ba yau aka haife ni ba. Abin da ya faru tsakanin Lamont da ɗan shugaban nadi a ɗakin sauya kaya watan jiya kuwa, ba zan sa shi a takarda ba. Ina wurin, ina riƙe da ragar ƙwallaye. Lamont ke da gaskiya, ita ce kuma ta ja masa.

Da na kama ƙofa zan fita, sai Ustaz ya tuna, wai kamar yanzu abin ya faɗo masa, cewa iƙamata, takardar izinin zamana, za ta mutu ƙarshen wata. Nadi ne kafilina, shi ya tsaya min. Matata Azumi da 'yarmu Ruƙayya duk a kan takardata suke zaune a ƙasar nan.

Lahadi, 4 ga Nuwamba, bayan Azahar

Na ɗauko shi. Sunansa Jarrell, shekara ashirin da uku, sai da ya sunkuya kafin ya shiga ƙofar otal. Daga filin jirgi har Balad bakinsa bai huta ba: ina teku, ina ake sayar da kaza, yaushe zai ga fili. Ya tambaye ni ko gaskiya ne wanda zai gada ya tsufa har ba ya iya tsalle. Na ce hankalina yana kan hanya.

Otal ɗin da Ustaz ya zaɓa, irin wanda masu Umra ke sauka ne in guzuri ya ƙare, don ya san ba ɗan nadin da zai bi ta lungun. Gadon a ƙwauri ya ƙare wa Jarrell. Na sa aka kara kujera a ƙarshensa. Na yi ta neman abin da zan ƙi saurayin nan da shi, ban samu ba, har godiya ya yi min sau biyu.

Litinin, 5 ga Nuwamba, bayan Magariba

Da safe na kai wa sabo abinci, da yamma na kai tsoho atisaye. Bayana kamar an daka shi a turmi.

Talata, 6 ga Nuwamba, bayan Magariba

Lamont na shiga mota ya ce, "Monti, wa ya taɓa min kujera?" Haka yake kirana, Muntaka ya fi ƙarfin harshensa. Na manta ban mayar da kujerar gaba yadda yake barinta ba. Na ce baƙon Ustaz ne, kuma ba ƙarya na yi ba. Ya ce wannan baƙo ko raƙumi ne, ya yi dariya, ya gyara abinsa.

Mun tsaya baƙala, kantin bakin hanya, kamar kullum na sayo ƙanƙara, ya ɗaura a gwiwar hagu da tawul. Hanyar Madina ta cushe, shi kuwa in hanya ta cushe sai labari ya taso masa. Na ji shi sau da yawa amma yau na saurara. A babbar gasar ƙasarsu, wadda kowane yaro a can ke mafarkinta, an taɓa ɗaukarsa gwaji na 'yan kwanaki. Sau ɗaya ya shiga fili, ya jefa ƙwallo ɗaya ta faɗa, hoton yana nan a ɗakin mahaifiyarsa. Daga nan sai yawon duniya. A Turkiyya ya koyi shan shayi ba madara. A Ajantina 'yan kallo suka jefe shi da batir. A Filifin 'yan mata ke bin motarsa suna ihu, ya ce nan ne kawai ya taɓa jin shi wani ne. A Folan ya yi wata huɗu bai ga rana ba, nan kuma gwiwar ta fara. Bara yaƙi ya koro shi daga Labanan a motar haya, takalman wasansa rataye a wuya. Yanzu shekararsa talatin da biyar, yana Jidda, yana zaune kusa da ni yana ɗigar min da ruwa a mota.

Ya ce a kowace ƙasa kalma huɗu yake koya: hagu, dama, ƙanƙara, na gode. A wurina ya ƙara "sannu da aiki", yana rabawa kowa, har ɗan sandan hanya da bai san Hausa ba.

Ina son mutumin nan. Na rubuta don in ga yadda zai yi a takarda.

Alhamis, 8 ga Nuwamba, bayan La'asar

Lamont ya zo gidana a unguwar Nuzla cin abinci, alkawari ne tun kafin wannan magana. Azumi ta yi tuwon shinkafa da miyar kuɓewa ɗanya. Ya shigo a duƙe, ya zauna a tabarma ya miƙe ƙafa har bakin ƙofa, maƙwabta na ta wucewa wai sun zo aron wuta. Ya ce kakarsa a Luwiziyana irin wannan miya take yi, yauƙi da komai. Azumi ta ce in gaya masa ashe kakar tasa tamu ce, ɓata ta yi. Ya cinye malmala huɗu.

Bayan an kwashe kwanuka ya kawo maganar. Dillalinsa ya samo masa wani ƙaramin kulob a tsibirin Ƙubrus. Ba suna gare su ba, zaurensu ko abin ɗumama wuri babu, amma za su riƙe shi har ƙarshen kaka, daga nan su mayar da shi mataimakin koci. Wannan ita ce ƙofar da yake nema tun da gwiwa ta fara gardama. Suna jiran amsa zuwa Alhamis mai zuwa. Kwantiraginsa a nan na wata-wata ne, in ya so tafiya ba mai riƙe shi. Amma ya fi son nan, wai nadinmu zai iya cin kofi bana, shi kuwa duk yawon nan bai taɓa ɗaga kofi ba.

Ya ce, "Monti, kai kake jin abin da ake faɗa a ofis. Suna sona a nan?"

Na ce Allah ne masani. Ya ce wannan amsar limamai ce. Azumi ta shigo da shayi, na tashi na karɓa da hannu biyu kamar ba ta iya ajiyewa.

Juma'a, 9 ga Nuwamba, bayan an sauko

Na gaya wa Azumi komai. Ta ajiye tsintsiya ta ce, "Haba Malam, mutumin da ya ci tuwonmu? Ka gaya masa mana." Na ce iƙama fa. Ta juya tana duban kayan makarantar Ruƙayya da ke shanye a igiya. Can ta ce to, ciki dai ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Mace ɗaya, fatawa biyu, kafin shayi ya huce. Na yi mata faɗa a kan gishiri a miya, abin da bai shafi gishiri ba. Ruƙayya a nan aka haife ta, ba ta san Malumfashi ba sai a bakina, Hausarta ma rabi Larabci ce. In aka ce mu fita, ban san inda zan kai ta ba.

Asabar, 10 ga Nuwamba, da hantsi

Na koma wurin Ustaz. Na bi ta nesa, na ce bawan Allahn nan yana da wata dama a wani wuri, da za a bar shi ya kama ta, kowa ya huta. Ya cire tabarau ya ce wane bawan Allah, wace dama, ni na ga wani Ba'amurke a garin nan ban da Lamont? Ya ce in Lamont ya tafi kafin wasan nan biyu, da me zai shiga fili, da ni? Sannan ya ce in rantse. Na ce wallahi bakina ba zai faɗa ba.

Na san kaffarar rantsuwa, ba ta fi ƙarfina ba. Ba ita ta riƙe ni ba.

Lahadi, 11 ga Nuwamba, bayan Asuba

Na gaji. Ban faɗa ba.

Litinin, 12 ga Nuwamba, bayan Magariba

Dabara ta zo min a masallaci. Baki na rantse da shi, ban rantse da hannu ba.

Na tafi kasuwar Bab Makka na haɗa wa Lamont guzuri irin na mai doguwar tafiya: dabinon Madina, kilishi daga wurin mutanenmu, man zafi na gwiwa, turare kwalba ɗaya. Sai babban abin, rigar sanyi mai kauri. Na zaga rumfuna har ƙafata ta yi nauyi kafin in sami wadda za ta shige shi. Wani Bayamane mai shago ya tambaye ni ko ƙofa zan sa wa. Wa ke ba mutum rigar sanyi a Jidda, garin da ko a tsakiyar hunturu fanka ke juyawa, in ba ce masa yake ka tafi inda ake sanyi ba?

Na kai masa har gida. Na ajiye kayan a gabansa ɗaya bayan ɗaya, rigar a sama. Sannan na tattara Turancina na ce masa, Kaftin, zaman tare ba ya rasa saɓani, in na taɓa yi maka laifi ka yafe min, ni na yafe maka duniya da lahira, Allah ya sa mu sake ganawa da alheri.

Ya daɗe riƙe da rigar. Ya ce, "Monti, lafiya kake?"

Na ce lafiya lau, ya dai duba kayan da kyau, ya yi tunani.

A garinmu ko yaro ya ga an jera masa dabino da rigar sanyi ana neman gafararsa, ya san hanya ce a gabansa. Mutumin da ya zaga ƙasa bakwai ba zai kasa ganewa ba. Na sauko daga benen nan da sauƙin da rabona da shi tun farkon wata.

Talata, 13 ga Nuwamba, bayan Magariba

Na yi barci jiya, har Azumi ta tashe ni salla.

A wurin atisaye na hango Lamont ya ja Rafi'u gefe. Rafi'u ɗan wasanmu ne, haifaffen Nuzla, kakansa Bakano, yana jin Hausa sarai amma in zai yi ta kamar yana tauna tsakuwa. Sun daɗe suna magana, suna waigowa inda nake zaune. Da aka tashi Rafi'u ya zo ya kama hannuna ya ce, "Baba Muntaka, wallah ma yisir, wannan ba daidai. Allah karim." Na ce haka duniya take, ɗana. Na ce a raina, to, saƙo ya isa, har ya sami mai fassara.

A mota Lamont bai yi labari ba. Yana ta satar kallona. Ni ma ban ce komai ba, na ga ai tsakanin manya shiru ya wadatar.

Laraba, 14 ga Nuwamba, bayan La'asar

Ya sa na kai shi nadi da wuri, ya wuce ofishin Ustaz kai tsaye. Na zauna a mota ina jan carbi, ina jiran a aiko a ce in kawo makulli. Ya fito yana murmushi, ya daki kafaɗata har ta amsa, ya ce, "Halas, Monti," wato an gama. Na ce alhamdulillah. Ya yi bankwana da su ke nan cikin mutunci, bai kuma ambaci sunana ba.

Bayan Azahar sai ga mai bin takardun nadi yana nemana, wai in kawo iƙama da hotuna, Ustaz ya ce a sabunta yanzu-yanzu. Abin da bara sai da na yi ta sintiri har takalmina ya san hanyar ofishin.

Alhamis, 15 ga Nuwamba, bayan Magariba

A hanyar atisaye na tambaye shi yaushe ne jirgi, don in shirya motar.

Ya ce, "Wane jirgi? Tun jiya na kira dillali na ce a ba wani gurbin Ƙubrus. Ina nan har ƙarshen kaka. Ni da kai, Monti."

Danja ta ba mu hannu ban gani ba, sai da na baya suka cika ni da ham. Na ce ba za a iya sake kiransu ba, ai yau ce Alhamis ɗin? Ya ce ina, akwai wani ɗan Sabiya da ke jira a layi, kafin ya ajiye waya sun ɗauke shi. A wannan sana'a, in ji shi, kujera ba ta yin sanyi. Ya ce in daina ɓata rai, komai ya daidaita.

Ban gane ba. Wallahi ban gane ba. Me kuma ya gaya wa Ustaz jiya? Ko ya gane ya zaɓi ya yi taurin kai ne? Na so in tambaya, na ga in na buɗe baki yanzu ba abin da zai dawo, sai dai in rasa nawa a kan nasa.

Juma'a, 16 ga Nuwamba, da yamma

Masallaci, gida. Azumi ta ce in je a duba min ciwon bayan nan.

Asabar, 17 ga Nuwamba, bayan Azahar

Iƙama ta fito, tawa da tasu. Azumi ta rangaɗa guɗa a tsakar gida har maƙwabta suka leƙo ko haihuwa aka yi. Ruƙayya ta karɓa tana juyawa, ta ce, "Baba, yaani halas, ba za mu tafi ba?" Na ce ba inda za mu.

Ladan shiruna ne aka biya ni, tun kafin in gama aikin. Na sa ta a aljihu, na ɗauki kular abinci na tafi Balad.

Litinin, 19 ga Nuwamba, da hantsi

Jiya aka yi wasan farko. Ban taɓa ganin Lamont haka ba. Duk ƙwallon da ta dawo daga kwando a hannunsa take sauka, yara 'yan ashirin suna rataye a jikinsa yana tafiya da su. Kusa da ƙarshe ya faɗi a kan gwiwar nan, zauren ya yi tsit. Ya tashi ya ƙi fita. Muka ci.

A mota ƙanƙara leda biyu ya ɗaura. Ya ciro rigar sanyin daga jaka ya sa, wai na'urar motata ta cika sanyi, kuma ta yi masa daidai kamar an auna. Ya ce, "Ka gani? Tsoho bai mutu ba."

Na ce na gani, Kaftin.

Laraba, 21 ga Nuwamba, bayan Azahar

Na kai Jarrell asibiti gwajin jini, daga nan wurin mai hoto. Zaman otal ya ishe shi, ya rame, ya ce ya haddace fasalin kowace tsaga a bangon ɗakin. Ya roƙe ni in kai shi kallon wasan gobe ko daga nesa, na ce ba ni da izini.

Ya ga sunan Lamont a takardar wasa da na bari a mota. Ya ce ashe shi ne. Jiharsu ɗaya. Yana ƙarami ya taɓa ganinsa a talabijin yana buga wa jami'a, har ya yi ta kwaikwayon yadda yake juya baya ya jefa. Ya ce, "Ya san na zo?"

Na ƙara ƙarar rediyo. Ya gane, bai sake tambaya ba, har muka isa yana kallon taga.

Juma'a, 23 ga Nuwamba, bayan Asuba

Mun ci na biyun ma. Da ƙyar Lamont ya taka zuwa mota. Ustaz ya sauko fili a gaban jama'a ya rungume shi, ya so ya sumbaci goshinsa bai kai ba, ya sumbaci kafaɗa. Na tafi neman ƙanƙara.

Asabar, 24 ga Nuwamba, bayan Magariba

Takardun Jarrell sun fito da safe. Ustaz ya ce in fara kawo shi zaure, sannan in koma in ɗauko Lamont, yana son ganinsa a ofis. Na ce ko a fara kiran Lamont ɗin ta waya. Ya ce yalla, in wuce kawai.

Don haka Lamont ya shigo yana ɗingishi da jakarsa a kafaɗa, ya ji ƙarar ƙwallo, ya ga dogon mutum sanye da rigar nadinmu yana tsalle yana kama bakin kwando. Ya tsaya. Bai yi mamaki sosai ba, an taɓa yi masa a wasu ƙasashe, na ga kafaɗunsa kawai sun sauka. Da a nan abin ya tsaya.

Sai Jarrell ya hango ni. Ya ɗaga hannu da fara'a ya ce, "Mista Muntaka, na bar ruwana a motarka. Ka gaya wa madam miyar jiya ta fi ta kullum."

Lamont ya juyo ya dube ni. Ba zan rubuta yadda ya dube ni ba.

Ya shiga ofis, bai daɗe ba ya fito. Na buɗe masa ƙofar mota, ya wuce ni ya tsayar da tasi.

Lahadi, 25 ga Nuwamba, da yamma

Na kira bai ɗauka ba. Na je ƙofar gidan na tsaya, na dawo.

Litinin, 26 ga Nuwamba, bayan La'asar

An buga masa bizar fita. Nadi ba shi da wani direba, don haka ni na kai shi filin jirgi. Jaka biyu ce duk kayansa. Ya buɗe ƙofar baya ya zauna a karkace, gwiwoyinsa na tokare da kujera.

Hanya cike da motocin alhazai, an fara isowa. Muna tafiya kamar masu rakiyar gawa. Mun kusa rabin hanya kafin ya yi magana.

"Tun yaushe?"

Na ce tun farkon wata, ni na ɗauko shi. Sai kuma zuciya ta ɗebe ni, don ni ma na gaji da ɗaukar laifin ni kaɗai. Na ce, "Amma ai na gaya maka, Kaftin. Dabino, kilishi, rigar sanyi a Jidda. Na nemi gafararka. Me kake so in ƙara?"

Ya ce in maimaita. Na maimaita. Ya rufe fuska da tafin hannu, na ɗauka kuka yake, ashe dariya ce marar daɗi.

Ya ce ranar bai gane komai ba, ya ga dai na yi kama da mai mutuwa. Shi ne ya tambayi Rafi'u, a wurin mutanenku in mutum ya kawo kyauta ya ce a yafe masa, me ake nufi? Rafi'u ya ce bankwana ne, mai tafiya ne ke bin gidaje yana neman yafiya, kuma ya ji ana cewa iƙamar Baba Muntaka ta kusa mutuwa, ƙila nadi ba zai sabunta ba. Ashe abin da suke waigowa suna kallona ke nan.

Kuma Rafi'u bai yi kuskure ba. Haka ake yi. Mai tafiya ke neman gafara, ba mai rakiya ba. Ni da na bar Malumfashi gida-gida na bi. Ban san inda hankalina ya tafi ba.

Lamont ya ce, "Na shiga wurin mudir na ce, ka sabunta wa Monti takardarsa, ni kuma ba inda za ni har ƙarshen kaka. Kafin in rufe baki ya miƙo hannu. Na fito ina cewa, kai, ashe haka suke sona."

Na riƙe sitiyari. Iƙamar tana aljihun gaban rigata, ina jin gefenta a ƙirjina.

Ya ce, "Turancinka ya isa kalma uku, Monti. Sun kawo wani."

Na fara yi masa bayanin rantsuwa, da kafili, da Ruƙayya. Ya ɗaga hannu ya ce ya sani, shi ma yana da 'ya, an kuma taɓa riƙe masa fasfo a wata ƙasa. Na tambaye shi ina za shi yanzu. Ya ce gidan mahaifiyarsa. Ba mai neman ɗan talatin da biyar da gwiwa ɗaya a tsakiyar kaka. Wataƙila wata makarantar sakandare ta so mai koya wa yara.

A bakin ƙofar shiga na kai hannu zan ɗauki jaka, ya riga ni. Ya rataya su duka biyu. Ya sunkuyo har fuskarsa ta zo daidai da tawa.

"Ka riƙe takardarka, ban yi da-na-sani a kanta ba. Da ka gaya min a fili, wataƙila da abin da zan yi ke nan. Amma da ni na zaɓa."

Ya ba ni hannu. Ya shiga cikin fararen kayan alhazai yana ɗingishi, kansa a sama da na kowa, na daɗe ina ganinsa har ya sha kwana. Ɗan sanda ya buga min mota ya ce in matsa.

Talata, 27 ga Nuwamba, da hantsi

Azumi ta tambaye ni ko mun rabu lafiya da Dogo, haka take kiran Lamont, na ce lafiya lau. Tun Asuba take kicin, ta soya kaji ta yi waina tire guda ta rufe da sabon mayafi. Ta ce mutumin da ya sabunta mana takarda ba tare da mun yi sintiri ba, bai kamata a bar shi da godiyar baki ba, in kai wa Ustaz Abdulghaffar tun da zafinta, in ce masa muna sa shi a addu'a.

Na ce to. Na ɗauka na kai.